Lambar shafin Shamila: za a iya kafa hujja da ita a kundin digiri?

Ummu Khadija:
Assalamu alaikum malamaina da ƴan'uwa. Ina neman shawara. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan mas'alar ƙaruwar imani da raguwarsa. Na ciro magana daga littafin aƙida Sharhin Ɗahawiyya na Ibn Abil Izz a Shamila, manhajar nan ta kyauta mai tattare da littattafan addini na Larabci, na rubuta juzu'i na 2 da lambar shafin kamar yadda manhajar ta ba ni. Mai duba aikina ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko nasa kwafin, sai ga shi mujalladi ɗaya ne tal. Ya zagaye wurin da jan biro ya rubuta: "Daga ina juzu'i na biyu ya fito?" Yanzu ya ce duk abin da na ɗauko daga Shamila in cire, in koma laburare in nemo littattafan da hannuna. Kusan rabin madogarata ke nan. To wai lambar shafin Shamila ƙarya ce, ko yaya abin yake?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Ƴar'uwa kwantar da hankalinki, ke da Malam duka kuna da gaskiya, bugu ne ya raba ku. Sharhin Ɗahawiyya sanannun bugunsa sun kai uku. Akwai tahƙiƙin (wato tace nassin littafi don bugawa) Shu'aibul Arna'uɗ da Abdullahi at-Turki na Mu'assasatur Risala, shi ne mai juzu'i biyu. Akwai na Maktabul Islami wanda Albani ya yi wa hadisansa takhriji, wato bin asalinsu da ingancinsu, mujalladi ɗaya. Akwai kuma na Ahmad Shakir, shi ma ɗaya. Ke kin ɗauko daga na farko, Malam yana riƙe da ɗaya daga cikin biyun nan. Abin da zan tambaye ki: a madogarar kin rubuta sunan mai tahƙiƙi da maɗaba'a da shekarar bugu?

Ummu Khadija:
Sunan littafi da marubuci na sa, sai juzu'i da shafi, sai na rubuta "Maktabatus Shamila".

Abu Sumayya:
To nan gizo yake saƙar. Shamila ba maɗaba'a ba ce. Kowane littafi a cikinta yana da katin bayani a farkonsa, biɗaƙa. Ki buɗe, za ki ga marubuci, mai tahƙiƙi, maɗaba'a, bugu na nawa, shekara, yawan juzu'i. Can ƙasa kuma akwai layi ɗaya wanda yawancin ɗalibai ba sa kula da shi, alhali shi ne kan gaba. Ko dai a rubuta cewa lambobin shafin sun dace da bugaggen littafi, "muwafiƙun lil maɗbu'", ko kuma a rubuta cewa na'ura ce ta sa lambobin kuma ba su dace da bugaggen ba. In na farko ne, shafin da kike gani a ƙasan allo shafin wani bugu ne takamaimai, wanda sunansa yake a katin. In na biyu ne, lambar nan ba ta da wani littafi a duniya da za a buɗe a same ta. Kwamfuta ce ta yayyanka rubutun yadda ya yi mata. Irin wannan kam ko kusa kada ta shiga kundi.

Dakta Lawal:
Bari in ɗan kare abokin aikina duk da ban san shi ba. Ku ɗalibai kuna ganin taurin kai ne. Mu kuma abin da muke gani a tebur shi ne yaro ya kawo manazarta cike da littattafai tamanin, ciki har da masu mujalladi talatin, ka tambaye shi launin bangon ɗaya ya kasa. Ya buga kalma a akwatin nema, layi ya fito, ya kwafe, bai karanta abin da ke gabansa ba, bai karanta na bayansa ba. Sau da yawa maganar da ya jingina wa marubuci, ashe marubucin ya kawo ta ne don ya rushe ta a shafi na gaba. A littattafan aƙida wannan ya fi muni, domin salonsu ke nan: "in aka ce kaza" sannan "sai mu ce kaza". Yaro ya ɗauki "in aka ce" ya mayar da ita mazhabar malamin. Shi ya sa wasunmu suke cewa a koma takarda. Ba lambar shafin ce take damun mu ba kawai.

Abu Sumayya:
Dakta, Allah ya ƙara girma, amma wannan ciwon ai ba Shamila ta kawo shi ba. Mai yanke magana zai yanke ta ko da littafin yana kan cinyarsa. Kuma don Allah wane laburare za a tura ta? Wanda za ta je ta tarar da juzu'i na 1 da na 3, na 2 wani ya ara tun shekarun baya bai dawo da shi ba?

Dakta Lawal:
Wannan ma gaskiya ce, ba na musu. Ni matsayina a tsakiya yake: a nema a Shamila, a tabbatar a hoton littafin. PDF ɗin bugun da katin ya ambata, a buɗe shi, a ga shafin da ido. In ɗalibi ya yi haka ba ni da ja.

Malam Garba Kurmi:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne, sayar da littattafai nake yi, yarona ne ya sa ni a zauren nan. Amma akwai abin da ku masu kwamfuta ba ku sani ba game da takardar da kuke ta girmamawa.

Littafi ɗaya, mai tahƙiƙi ɗaya, maɗaba'a ɗaya, sai ka ga shafi ya bambanta tsakanin bugu na uku da na takwas. Dalili, wani lokaci hoton tsohon bugun ake sake ɗauka a buga, wannan shafinsa ba ya motsi ko an shekara hamsin. Wani lokaci kuma sabon jeri ake yi wa haruffan gaba ɗaya, a ƙara girman rubutu ko a rage, a ƙara muƙaddima, sai komai ya gusa. A bango kuwa ba za ka ga bambanci ba sai ƴar lambar bugu. Ban da na ƴan kwaikwayo, waɗanda za su matse littafi mai mujalladi huɗu ya koma ɗaya a takarda mai shara-shara, rubutu kamar ƙafar kiyashi, don ya yi araha. Irin waɗannan su suka fi tafiya a wurinmu, domin su almajiri yake iya saya.

Saboda haka ko Hajiya ta koma takarda kamar yadda malaminta ya ce, in ta zo wurina ta sayi nata, shi kuma yana da nasa, rigimar nan dai za ta sake dawowa. Sai in an faɗi bugun.

Sannan ku riƙa bambance juzu'i da mujalladi. Tafsirin Ƙurɗubi bugun Darul Kutubil Misriyya juzu'i 20 ne a cikin mujalladi 10, kowane bango ɗaya juzu'i biyu ne a ciki, kuma in an shiga na biyun lambar shafi sake farawa take yi daga 1. An sha zuwa shagona a ce an tura ni in duba juzu'i na 14, ga shi littafin goma ne kawai, ko an yi mini ƙwange. In ce buɗe na bakwai ka wuce tsakiya.

Ummu Khadija:
Baba Malam na gode, Allah ya saka da alheri. Wallahi wannan na juzu'i da mujalladi ya taɓa rikita ni a Ƙurɗubin nan.

Sadiq Ƙaramin Ɗalibi:
Mu dai da muke aji biyu muna nan muna kwasar darasi kyauta. A ci gaba malamai.

Fasto Ishaya:
Gaisuwa ga kowa. Ina koyarwa a makarantar tauhidi ta Kirista a yankin Jos, kuma na daɗe ina karanta zauren nan ban ce komai ba, amma wannan ta taɓo ni, don irin ta muke fama da ita. Mu manhajar da aka fi sani ita ce Logos, ta wani kamfani a Amurka, tun farkon shekarun 1990 take. Ita cikakkiyarta sai da kuɗi, ba kamar Shamila ba. Yawancin littattafan da ke cikinta an saka musu lambar shafin bugun takarda, kana karatu kana ganin shafin da kake a saman allo, kana iya kunna alama ta nuna maka daidai inda shafi ya ƙare wani ya fara, ko da a tsakiyar jimla ne. In ka kwafi magana ka kai ta Word, da kanta take jefa maka madogara a ƙasan shafi. Daɗin ke nan, kuma tarkon ke nan, domin ɗalibi ba ya ƙara dubawa. Wasu littattafan kuma ba su da lambar shafi sam. Masu karatu a Kindle su ma sukan kawo mana lambar wuri ta na'urar a matsayin shafi, ka ga an rubuta shafi na 4,000 da wani abu a littafin da bai kai shafi 300 ba.

Amma ga abin da nake so in ƙara. Tsofaffin littattafanmu ba da shafi ake ambatonsu ba. Babban littafin tauhidi na John Calvin, wanda bugunsa na ƙarshe da Latin ya fito a 1559, an kasa shi littafi huɗu, kowane littafi babi-babi, kowane babi sashe-sashe. Sai a rubuta 3.11.2, wato littafi na uku, babi na sha ɗaya, sashe na biyu. Ko fassarar 1845 kake riƙe da ita, ko ta 1960, ko ta cikin waya, za ka sauka wuri ɗaya. Haka ake yi wa littattafan magabatan malamanmu Augustine da Akwinas. Littafi Mai Tsarki ma ba wanda yake cewa shafi kaza, sura da aya ne, kuma lambobin ayoyin Sabon Alkawari sai a 1551 wani mai maɗaba'a Bafaranshe, Robert Estienne, ya saka su. Inda muke shan wahala shi ne littattafan ƙarni na ashirin irin na Karl Barth, waɗanda sashe ɗaya zai iya cin shafi masu yawa, dole sai da lambar shafi, dole kuma a faɗi ko na Jamusanci ne ko fassarar Turanci.

Ina tsammani ku ma kuna da irin wannan tsarin a hadisi, ko ba haka ba?

Abu Sumayya:
Sannu da zuwa Fasto, ka kawo magana mai amfani. Muna da shi, amma shi ma da ƙura a cikinsa. A hadisi ana rubuta kitabi, babi, sannan lambar hadisi. Kitabi da babi ba sa canjawa sosai. Lambar kuwa ba Bukhari ne ya sa ta ba, mutanen baya-bayan nan ne. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ta Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wadda ta kai hadisi 7563 a Bukhari, ita ce a sharhinsa Fathul Bari bugun Salafiyya. Bugun Musɗafa al-Bugha kuma lissafinsa daban. Sahihu Muslim ya fi rikici: Abdulbaƙi bai ƙirga maimaici ba, ya tsaya a 3033, wasu bugun kuma kowace ruwaya sun ba ta lambarta, sai ka ga hadisi ɗaya yana da lamba dubu ɗaya da wani abu a nan, dubu huɗu da wani abu a can. Don haka ko a hadisi sai ka ce lissafin wane.

Dakta Lawal:
Duk da haka shawarar Fasto ita ce nake ba ɗalibaina. A haɗa biyun. A ce babi kaza, ko fasali kaza, ko "wurin sharhin faɗar Ɗahawi kaza", sannan a sa juzu'i da shafi na bugun da aka yi aiki da shi. Da Ummu Khadija ta rubuta cewa maganar tana ƙarƙashin sharhin jimlar Ɗahawi a kan imani, da Malaminta ya bi matanin ya same ta a nasa kwafin cikin minti biyu, da jan biron nan bai fito ba.

Ɗan Damagaram:
Barkanku. Daga Zinder nake bin ku. Fasto ya ce sura da aya ba sa motsi, to a wurinmu har aya takan ɗan motsa. Mu da muka tashi da Warshu, Baƙara aya 285 ce a lissafin mutanen Madina, a Mus'hafin Hafsu kuwa 286 ce a lissafin Kufa. Duka Alƙur'anin 6214 a nan, 6236 a can. Ba harafi ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu, wurin da ake ɗora alamar ƙarshen aya ne ya bambanta. Alif Lam Mim ta farkon Baƙara aya ce mai zaman kanta a lissafin Kufa, a na Madina ba haka ba, to tun daga nan lambobin suka fara saɓawa. Ɗalibi zai ɗauko lambar aya daga manhaja, wadda kusan kullum Hafsu ce, tsohon alaramma ya buɗe nasa ya ga ta goce da ɗaya ko biyu, ya ce yaron nan bai iya ba.

Kuma in an bi ta tushe, littattafan kakanninmu ba su san lambar shafi ba. Na ga na kakana a gafaka, warƙoƙi ne a sake ba ɗinki. A ƙasan bayan kowace warƙa, can gefen hagu, marubucin ya rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. In iska ta watsa su, da wannan kalmar ake bi a jera. Malami in zai kafa hujja cewa yake yi "Halilu ya ce a babin kaza", ya karanto da ka, wanda yake musu ya je ya duba. Shafi da maɗaba'a ya zo.

Malam Garba Kurmi:
Haka ne ɗan'uwa. Har yanzu malaman zaure ba sa tambaya ta bugun wa, cewa suke a ba su Risala mai manyan baƙi.

Ustaz Nura:
Ni akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya tun ɗazu. Kowa yana cewa a kwafi bayanin katin Shamila a rubuta maɗaba'a kaza, Beirut, shekara kaza. Mutum bai taɓa riƙe littafin nan ba, bai ga ko hotonsa ba, amma manazartarsa tana nuna kamar ya gani. A ilimin hadisi wanda ya ɓoye wanda ya ji magana daga gare shi, ya haura ya ambaci na sama da lafazin da zai sa a zaci daga can ya ji, me ake kiran aikinsa? Tadlisi. To wannan fa? Wani bawan Allah ne ya zauna ya buga littafin nan a kwamfuta, yana iya tsallake layi, yana iya sauya ɗigo, "la" guda ɗaya ta faɗi ma'ana ta juye. Shi ne shehinka a wannan ruwayar, kuma ka ɓoye shi.

Abu Sumayya:
Kai Ustaz, ka kai abin da nisa! Tadlisi kuma?

Ustaz Nura:
To ba shi wani suna in ji.

Abu Sumayya:
In mutum ya buɗe PDF ya gwada, ai ya ga littafin. Hoton shafi shafi ne. Shamila ma tana ba da damar haɗa littafi da hotonsa, kana kan shafi ka danna ya buɗe maka shi a bugaggen.

Ustaz Nura:
Wanda ya gwada ba da shi nake ba, wannan ya sauke nauyi. Da wanda bai gwada ba nake, kuma ka san su suka fi yawa. Shi sai ya rubuta gaskiya: bugu kaza, ta hanyar Shamila. Kalma uku ce. Mai karatu ya san matsayin abin da aka ba shi.

Dakta Lawal:
Ustaz ina tare da kai a hukuncin, ko da sunan ya yi tsauri. Matsalar ita ce wasu masu jarrabawa na waje da sun ga kalmar Shamila a manazarta sai su ɗaure fuska, shi ya sa ɗalibai suke ɓoyewa. Mu muka koya musu ɓoyon. Ni na fi son ɗalibin da zai ce mini littattafai biyar ɗin nan ban samu hotonsu ba, da wanda zai jera mini Beirut da Alƙahira kamar can ya yi hutu.

Kuma ga misalin da zai ƙarfafa maganar Ustaz. Tafsirin Ɗabari da ake cewa tahƙiƙin Shakir. Mahmud Shakir, ɗan'uwan Ahmad Shakir, bai kammala aikin nan ba, a cikin suratu Ibrahim ya tsaya, juzu'i 16. Amma kullum ina ganin ɗalibai suna kawo magana daga tafsirin suratul Kahfi ko Yasin su rubuta "tahƙiƙin Shakir", saboda haka suka gani a kati. Wanda ya san tarihin littafin da ya gani zai gane ba a buɗe komai ba. In ana son cikakke da tahƙiƙi ɗaya daga farko har ƙarshe, ga na Abdullahi at-Turki, bugun Daru Hajar na 2001.

Ummu Khadija:
Na buɗe katin yanzu. Na Arna'uɗ da Turki ne, kuma an rubuta ya dace da bugaggen. Na sauko da PDF ɗinsa, amma da na rubuta lambar shafin a akwatin da ke sama sai ya kai ni wani wuri daban, maganar ba ta nan. Ko shi ma wani bugun ne?

Abu Sumayya:
Kafin ki yanke hukunci, duba lambar da aka buga a jikin takardar, ba wadda manhajar PDF take nunawa a sama ba. Ita manhajar tun daga bango take ƙirgawa, har da fararen shafuka da muƙaddimar masu tahƙiƙi, wadda a bugun nan doguwa ce kuma lambobinta daban. Ki matsa gaba har ki ga lambar da kike nema a jikin shafin. In kin samu bambancin sau ɗaya, misali kin ga akwatin yana gaba da adadi kaza, sai ki riƙa ƙara shi a sauran. Wani lokaci kuma juzu'i biyun an haɗe su a fayil ɗaya.

Ummu Khadija:
Na gan ta! Tana nan a saman shafi, layi na huɗu. Amma akwai hashiya a ƙasa wadda masu tahƙiƙin suka yi magana a kan hadisin da ke wurin, ban lura da ita ba a waya.

Fasto Ishaya:
Malama, wannan hashiyar kaɗai ta isa dalilin buɗe hoton. Mu ma a ƙaramin allo bayanan ƙasa ɓuya suke yi sai an danna.

Sadiq Ƙaramin Ɗalibi:
Tambaya daga bayan aji. Littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello fa? Yawanci bugun kasuwa ne, ba shekara, ba sunan maɗaba'a, wani ma hoton rubutun hannu ne aka buga. Wane kati za mu duba?

Dakta Lawal:
Waɗannan sai ka siffanta abin da ke hannunka. Ka ce bugun kasuwa ne, ba tarihi, shafi nawa ne gaba ɗaya, in akwai sunan wanda ya ɗauki nauyin bugawa a bango ka rubuta. Sannan ka dogara da babi da fasali, don Shehu yakan tsara littattafansa babi-babi a fili, Ihya'us Sunna misali kowane babi da sunansa. In rubutun hannu ne na ajiya, kamar na Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna, ka sa lambar da suka ba shi a can da lambar warƙa, ka faɗi fuska ce ko baya.

Malam Garba Kurmi:
Ka kuma yi fotokwafin bangon ka ajiye, yaro. Na kasuwar nan in ya ƙare, wanda za a sake bugowa ba lalle ya zo da shafi iri ɗaya ba.

Ustaz Nura:
Ummu Khadija, in za ki koma wurin Malam, kada ki je da waya kina nuna masa allo. Ki buga shafin bangon da shafin da maganar take a takarda, ki ja layi a ƙarƙashinta, ki haɗa da gyararriyar madogarar. Kuma ki tambaye shi wane bugu ne nasa, in ya fi son a yi aiki da shi ki roƙi aron sa na kwana biyu.

Ummu Khadija:
In sha Allahu haka zan yi. Sauran madogaran ma zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai guda uku da katinsu ya ce lambar na'ura ce, ciki har da wani sharhin Ummul Barahin na Sanusi. Wa yake da hoton bugaggensa?

Ɗan Damagaram:
Ina da Hashiyar Dasuƙi a kansa, tsohon bugun Masar, sharhin Sanusin yana gefen shafi. Nauyinsa ya yi yawa ga zauren nan, sai dare in intanet ta daidaita zan raba shi biyu in turo.